Mai wankin ƙoda zai iya koyon soka wa kansa allura?

"Assalamu alaikum Sista. Maigidana tela ne a Sabon Gari, shekararsa 46. Hawan jini ne ya kashe masa ƙoda, shekara ɗaya da rabi ke nan ana yi masa wanki a wani asibiti. Da fari ta bututun wuya ake yi, daga baya aka yi masa aikin fistula, wato haɗa jijiyoyin jini biyu don a samu inda za a riƙa soka allurar wanki, a hannun hagu. Damuwata ita ce, duk ranar wanki mutum daban ne ke soka masa allura, wani lokaci sai an soka sau biyu ko uku, hannun ya kumbura ya yi baƙi. Ƙaninsa da ke Ingila ya ce a can masu wanki a gida su ke soka wa kansu, har yana maganar a haɗa kuɗi a sayo na'ura a ajiye masa a gida. Da gaske mutum zai iya koyon soka wa kansa wannan ƙatuwar allura? In ba zai iya ba, ni zan iya koya? Gaskiya ina tsoro." Wata 'yar'uwa daga Zariya.

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, sannu da jinya. Allah ya ba maigidanki lafiya, ya sa kaffara ce, ke kuma ya ba ki ladan ɗawainiya.

Tambayarki ta zo a dunƙule, amma magana biyu ce a ciki. Ta farko, ko mai wankin ƙoda zai iya koyon soka wa kansa allura. Ta biyu, ko za a iya ɗauke wankin kacokan a mayar da shi gida. Amsar ta farkon e ce. Ana koya, kuma a aikina na sashen wanki na ga hannuwan da suka huta da kumburi bayan masu su sun karɓi allurar da kansu. Ta biyun kuwa tana da nauyi ƙwarai, allura ce ma mafi sauƙin abin da ke cikinta. Zan so ku raba su, ku fara da wadda ake iya yi a nan Zariya ba tare da an sayi komai ba.

Ƙanin maigidanki gaskiya ya faɗa. Tun wajen 1964 aka fara yi wa mutane wanki a gidajensu a Amurka da Ingila. A 1966 wasu likitoci a Amurka, Brescia da Cimino da abokan aikinsu, suka fito da aikin fistula irin wanda aka yi wa maigidanki. Da aikin ya yaɗu, sai ya zama duk mai wanki a gida ta fistula, ko shi ko wani nasa, sai ya iya allura. A yau ma a Ingila akwai sassan wanki da ke koya wa marasa lafiya su auna nauyinsu, su gwada hawan jininsu, su soka allurarsu, alhali a cikin asibiti ake yi musu wankin.

Me ya sa hannun ke kumbura?

Jijiyar jini iri biyu ce a hannu. Akwai mai fito da jini daga zuciya da ƙarfi, wadda ake jin bugunta a wuyan hannu, tana can ciki. Akwai mai mayar da jini, wadda ake gani ƙarƙashin fata, bangonta siriri, jininta a hankali yake tafiya. Na'urar wanki tana jan jini kimanin mililita 300 a kowane minti, kuma jijiyar saman nan ba za ta iya ba da haka ba. Shi ya sa likitan tiyata ke haɗa su biyun, jini mai ƙarfi ya riƙa kwarara cikin ta saman har ta buɗe, bangonta ya yi kauri. Kafin ta nuna sai ta ɗauki aƙalla mako shida, sau da yawa wata biyu, uku, ko fiye.

Kowane wanki allura biyu ake sokawa, ɗaya ta kai jini na'ura, ɗaya ta dawo da shi. Akan fara da mai lamba 17, a koma 16, sannan 15. Lamba na raguwa, allura na ƙara kauri. Wanda ke wanki sau uku a mako, ana sukar hannunsa fiye da sau 300 a shekara ko da ba a taɓa maimaita suka ba.

Kumburi da baƙin da kike gani jini ne ya fita daga jijiya ya kwanta ƙarƙashin fata. Yana faruwa idan tsinin allura ya wuce ya huda bangon ƙasa, ko ya shiga rabi da rabi, ko mai jinya ya motsa hannu ana cikin wanki. Canjin hannu yana ƙara abin, don kowa da irin karkatar da yake ba allura, kuma wanda bai saba da wannan jijiyar ba bai san inda ta lanƙwasa ko inda ta nutse ba. Amma ba kullum ba ne matsalar take daga mai suka. Fistular da ba ta gama nuna ba, ko ta yi zurfi, ko ta tsuke a wani wuri daga ciki, ko ƙwararre ne zai sha wuya da ita. Saboda haka abu na farko da zan ce ku nema, tun kafin maganar koyo, shi ne likitan ƙoda ya duba fistular, a yi mata hoton sikanin a ga faɗinta da zurfinta da gudun jinin ciki. Abin da muke fata shi ne faɗi ya kai wajen milimita 6, zurfi kuma kada ya wuce milimita 6. Idan inda yake wanki ba su da halin yin haka, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ba a ɗora ɗan koyo a kan jijiyar da ke ba ma'aikata wahala. In ya kasa sau biyu, zuciyarsa za ta karaya, kuma da wuya ya sake yarda.

In fistular lafiya lau take, to hannunsa na da fifikon da namu ba shi da shi. Hannu ɗaya ne kullum, karkata ɗaya, kuma shi yana jin shigar allurar ta ciki da waje. Masu yi sukan ce mini zafin ya ragu, domin sun san daidai lokacin da tsinin zai taɓa fata, ba jira suke yi a zo musu da shi ba.

Ba kowa ne ya dace ba. Muna duba ido, ko yana ganin ƙananan abubuwa sosai. Muna duba hannu, ko yana rawa. Muna duba yatsu, ko suna jin taɓi, don ciwon suga kan kashe jin yatsu. Muna duba ko wurin sukar yana inda ɗaya hannun zai kai cikin sauƙi. Maigidanki tela ne, fistularsa kuma a hagu take, in dai ba bahago ba ne to waɗannan duk suna gefensa. Abin da ya rage, kuma ya fi duka, shi ne ya kasance shi ne yake so. Kada ku taru ku matsa masa saboda ƙaninsa ya ce ana yi a Turai.

Yadda ake koyarwa

Ba a fara da allura. Makonnin farko na sanin hannu ne. Duk ranar wanki ya wanke hannun fistula da sabulu da ruwa kafin ya zauna, ko da da alwala ya shigo. Ya duba fatar: akwai ja, ƙurji, ɓawon da ba a saba gani ba? Ya ɗora yatsu ya ji zirr ɗin nan, wato ɗan motsin wucewar jini da ke ƙarƙashin fata, ya bi shi daga wurin ɗinki zuwa sama. Mu ba shi abin sauraren ƙirji ya ji ƙarar shuu-shuu ta wucewar jini har kunnensa ya haddace ta. Ni nakan sa mutum ya zana hannunsa a takarda, ya sa alama inda jijiyar ta miƙe, inda ta karkace, da inda aka soka yau. Takardar nan ita ce zai riƙa zuwa da ita.

Daga nan sai danne wurin bayan an zare allura, sannan zarewar da kansa. Ƙa'idar ita ce allura ta gama fita sarai kafin a danna, domin danna ta tana ciki yana yanka bangon jijiya. Yatsu biyu, a kan auduga mai tsabta, minti goma ba ɗagawa ana leƙe, da ƙarfin da zai tsayar da jini amma bai kashe zirr ɗin ba.

Sai gwaji a kan abin da ba jiki ba. Inda babu hannun roba na koyarwa, mukan yanko guntun robar layin wanki, wato bututun da jini ke bi tsakanin hannu da na'ura, mu cika da ruwa, mu ɗaure a kan tawul da aka naɗe, mu lulluɓe da safar hannu. A nan yake koyon riƙe fikafikan allura tsakanin babban yatsa da manuni, bakin tsinin yana kallon sama, gefen hannunsa a jingine don kada ya yi lilo a iska. Sai ya yi ta yi har riƙon ya zauna.

Ranar da za a shiga jiki, hannunsa ne ke hawa kan nawa, ni ke sokawa, shi yana jin nauyin turawar da lokacin da allura ta faɗa cikin jijiya. Bayan wasu ranaku mu juya: shi ke riƙe da allura, nawa hannun a kan nasa. Sannan in janye hannu in tsaya kusa. Allura ɗaya ake fara ba shi, a wurin da ya fi sauƙi, ma'aikaci ya soka ɗayar.

Ga yadda sukar take in kina tsaye kusa. An ɗaure dantse da roba jijiya ta taso. An goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta, an bar shi ya bushe da kansa, ba hurawa da baki, ba sake taɓawa. Ya ja fatar ta miƙe, ya yi bisimilla, ya shiga a karkace, kimanin digiri 25 zuwa 35, a hankali kuma ba tsayawa. Jini ya leƙo cikin siririyar robar yana bugawa, alamar an shiga ke nan. Nan take ya kwantar da allurar ta kusa shafar fata, ya ƙarasa tura ta a tsakiyar jijiya. A manne fikafikan da filasta, a gitta wata ta ƙarƙashi, a gwada da sirinjin ruwan gishiri a ga yana shiga yana fita ba turjiya, ba zafi, ba tudu. Allurar da ke dawo da jini kullum sama take kallo, wajen kafaɗa. Tsakanin allurai biyun a bar kamar santimita 5, kuma a nisanci wurin ɗinkin tiyata. Idan jini bai leƙo ba, ba a lalube da tsini a cikin nama. A tsaya a kira ma'aikaci. Na zayyana miki haka ne don ki san abin da za ki gani, ba don a gwada daga karatu ba. Wannan aiki a gaban ma'aikacin jinya kaɗai ake koyonsa.

Tsoro kuwa kowa da shi yake farawa, har da maza masu taurin rai. Akwai man shafawa mai kashe zafi da ake sawa kamar awa ɗaya kafin wanki, ku tambayi likita. Wani cikin 'yan makonni yake kamawa, wani sai ya yi watanni, wani ya tsaya a zarewa da dannewa kawai, kuma wannan ma ci gaba ne.

A ina ake sokawa?

Nan ne tsawon ran fistula yake, don haka ki kula da kyau. Salo uku ne.

Akwai wanda muke kira tsani: yau a soka nan, wanki na gaba a matsa gaba kaɗan, a yi ta hawa har ƙarshen inda jijiya ta miƙe, sannan a dawo ƙasa. Kowane wuri na samun lokacin warkewa.

Akwai kuma zagaye fage ɗaya, wato a samu ɗan wurin da ke da sauƙi kuma ya daina zafi, a yi ta suka a kewayensa. Marasa lafiya da kansu ke roƙon a soka musu nan. Shi ne mafi muni. Bangon jijiya yana raunana, wurin ya kumbura ya yi ƙululu, fatar ta yi sirara tana sheƙi, wata rana ta iya fashewa. Manyan ƙulullukan da kike gani a hannun waɗanda suka daɗe suna wanki, da yawansu daga nan suke. Mai soka wa kansa ya fi kowa fuskantar wannan jarabawa, domin hannu na son komawa inda ya saba. Amfanin takardar zanen ke nan.

Na uku shi ne rami ɗaya, wanda wani likita ɗan ƙasar Folan, Twardowski, ya bayyana a shekarun 1970. Mutum ɗaya ne zai riƙa soka wuri ɗaya tak, da karkata ɗaya, da zurfi ɗaya, kamar sau takwas zuwa goma sha biyu, har hanya ta samu kamar hudar ɗan kunne. Daga nan sai a koma allura mai dakusasshen baki, tana bin hanyar ta zame ciki. Masu wanki a gida sun so shi sosai don sauƙinsa, kuma mai yiwuwa shi ƙanin maigidanki ya gani. Sai dai duk ranar wanki sai an ɓamɓare ɓawon da ya rufe ramin da kayan da aka tsabtace, a goge kafin da bayan ɓamɓarewa. Aka yi sakaci kaɗan, ƙwayoyin cutar da ke kan fata sun samu ƙofa har cikin jini, daga nan su iya kaiwa zuciya ko ƙashi. Shi ya sa ƙa'idojin Gidauniyar Ƙoda ta Amurka na 2019 suka fifita tsani, suka ce a taƙaita rami ɗaya ga yanayi na musamman, kamar wanda wurin sukarsa gajere ne. Ni ma a nan, da ƙurar hunturu da gumin bazara da wuyar samun allura mai dakusasshen baki a kai a kai, tsani zan zaɓa wa maigidanki.

Ke fa?

Za ki iya koya, mata da yawa a duniya su ke soka wa mazajensu. Amma in zai iya da kansa, na fi son shi ya riƙe allura, ke ki riƙe abin da ya fi ta muhimmanci, wato sanin abin yi in abu ya ɓaci. Na ga yadda nauyin suka ke taɓa zaman gida: ranar da hannu ya kumbura, mace ta kwana tana ganin laifinta ne. In kuma ke ce za ki yi, ki fara yin gwajin ciwon hanta, ki karɓi rigakafin nau'in B, ki riƙa sa safar hannu, kuma allurar da aka yi amfani da ita ta tafi kai tsaye cikin kwalin allurai, ba a mayar mata da murfi.

Babban abin tsoro a wanki shi ne allurar da ke dawo da jini ta zame ta fita na'ura na ci gaba da juyawa. A gudun mililita 300, cikin minti biyar mutum ya zubar da lita ɗaya da rabi, kuma ba kullum na'ura ke yin ƙara ba. Lokacin sanyi marasa lafiya kan ja bargo su rufe har hannu su yi barci. Kada ki bari. Jiki a rufe, hannun fistula a waje ana ganinsa. In ta faru, a tsayar da famfon na'ura, a matse layuka, a danne wurin, a yi kira.

A gida kuma, kullum safe da dare ya taɓa ya ji zirr ɗin. In ya ɓace, a tafi asibiti a ranar, ba a jira ranar wanki, don jini ne ya daskare kuma a awannin farko ake iya ceto ta. Zazzaɓi da rawar ɗari, ja ko ruwa a wurin suka, jinin da ya wuce minti 20 bai tsaya ba, baƙin ɓawo a kan ƙululu mai sheƙi, duk na gaggawa ne. In jini ya ɓalle a gida, a danne da ƙarfi da yatsu, a ɗaga hannu sama, a nufi asibiti ana danne. Kumburin bayan suka kuwa, ƙanƙara a naɗe a ƙyalle a ranar farko, ɗumi daga washegari.

Maganar na'ura a gida

A wanki ɗaya na awa huɗu, kimanin lita 120 na ruwan wanki ke wucewa ta gefen jinin mutum, siririyar tantani kaɗai ke tsakaninsu. Ruwan rijiyar burtsatse ko na famfo, duk kyansa a ido, ba ya shiga nan sai ya bi ta na'urar tacewa ta musamman, wadda ita ma tana zubar da ruwa mai yawa, kuma sai ana gwada ruwan a ɗakin gwaji lokaci zuwa lokaci. Ana buƙatar wutar da ba za ta ɗauke ba tun daga haɗa na'ura har wanke ta. Ana buƙatar matatar jini da layuka da allurai sababbi kowane zama, da sinadaran wanki, da hefarin mai hana jini daskarewa, da injiniyan da zai zo in na'ura ta tsaya, da lambar ma'aikacin da zai ɗauki waya ko da tsakar dare. A Ingila asibiti ne ke horar da mutum, ya girka masa na'ura, ya riƙa aiko da kaya, ya ci gaba da bibiyarsa. Wannan gatan shi ne wankin gida, ba na'urar ba. A sayi na'ura a ajiye a ɗaki ba tare da sashen wanki da ya ɗauki nauyin mutum ba, ganganci ne da rai, kuma ba zan ba ku shawararsa ba.

In 'yan'uwa sun yi niyyar haɗa kuɗi, Allah ya saka musu. A ganina ya fi amfani a sa su a tabbatar ba ya tsallake ranar wanki, a sayi allurar ƙarin jini da maganin hawan jini, a gyara fistular in tana buƙata. Kuma a shekarunsa, ya kamata ku zauna da likita kan dashen ƙoda. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fi shekara ashirin yana yi. Akwai kuma wankin ciki, wanda ake yi a gida da ruwan leda ta bututun ciki ba tare da allura ba, sai dai samun ruwan a kai a kai shi ne ƙalubalensa a ƙasar nan.

Ni a cikin sashe nake koyarwa, kuma ban ga hannun maigidanki ba. Likitansa da shugabar sashen da yake wanki su ke da hukuncin ƙarshe, kowane sashe kuma da tsarinsa. Ranar wanki mai zuwa ku nemi ganin shugabar, cikin girmamawa, da buƙata uku: a duba fistular, a ware masa mutum ɗaya ko biyu su riƙa sukarsa har kumburin ya sauka, sannan a ba shi dama ya fara da wanke hannu da danne wurin da kansa. Kafin nan, kada a gwada hawan jini ko a ɗebi jini ko a sa ƙarin ruwa a hannun hagun nan, kada ya kwanta a kansa, kada ya ɗaura agogo, kada ya ɗaga kan keke ko dilar yadi da shi, kuma wanzami kada ya kusance shi da tsaga ko ƙaho. Tunda sana'arsa ce, ya ɗinka wa kansa riguna masu faɗin hannu waɗanda za su naɗe har kafaɗa ba tare da sun matse dantse ba. In azumi ya zo, ya tambayi likitansa tukuna, don saukar hawan jini ƙasa da ƙima na daga cikin abubuwan da ke toshe fistula.